Littafin yara mai sunan tauraro a bango: ya cancanci kuɗin makaranta?

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a Garwa. Iyayen yara sun haɗa mana sefa 150,000 don mu buɗe ɗan wurin karatu ga 'yan CP zuwa CE2, wato aji biyu zuwa aji huɗu. Da na je shagon littattafai, mai shago ya fito mini da waɗanda 'yan ƙwallo da mawaƙa da 'yan fim suka rubuta, ya ce su yara ke rububi, kowanne tsakanin sefa 9,000 da 11,000. Wata abokiyar aikina kuma ta ce duk shirme ne, ba ma su ke rubutawa ba. Wa zan bi? Waɗannan littattafan suna da inganci kuwa, kuma yaya zan gane mai kyau tun kafin in biya?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka wa iyayen nan da alheri, ya sa albarka a abin da suka tara. Tambayarki biyu ce a ƙulli ɗaya: ko sunan tauraro a bango yana faɗin wani abu game da abin da ke cikin littafin, da kuma yadda mai kuɗi ƙidayayyu zai tantance kafin ya kwance bakin jaka. A kan ta farko, sunan yana gaya miki yadda littafin zai yi kasuwa, iyakarsa ke nan. Mai shago ya faɗi gaskiyar ciniki, abokiyar aikinki ta faɗi rabin gaskiyar rubutu. A cikin irin waɗannan littattafan akwai 'yan kaɗan masu kyau ƙwarai, akwai tari masu dama-dama waɗanda zane ya rufa wa asiri, akwai kuma waɗanda da malamin makaranta ne ya kai su gidan ɗab'i da sunansa, da tun a bakin ƙofa za a miƙo masa takardunsa. A aikinmu na tace rubutun yara da zaɓar wa ɗakunan karatu littattafai, abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ya rufe sunan da tafin hannu, ya karanta abin da ke ciki.

Dalilin da ya sa suka cika kanta

Littafin yara yana da wata siffa da ta raba shi da sauran littattafai: mai saye daban, mai karantawa daban. Uwa ce ko gwaggo ke tsaye gaban kanta, ba ta san sunayen marubutan yara ba, ba ta da lokacin karanta goma ta zaɓi ɗaya, sai idonta ya faɗa kan sunan da ta sani a talabijin. Kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka da Faransa sun daɗe da gane haka. Mawaƙiya Madonna ta fitar da nata a 2003, ya tashi a kasuwa, wasu suka yi ta biyo baya: mawaƙi Paul McCartney ya fitar da littafin zane a 2019, Meghan matar Yarima Harry ta fitar da nata a 2021, ga 'yan ƙwallo, ga masu dafa abinci a talabijin, ga 'yan barkwanci.

Inda matsalar inganci ke shigowa shi ne a hanyar da rubutu ke bi kafin ya zama littafi. Marubucin da ba shi da suna yakan aika rubutunsa a ƙi, ya gyara ya sake aikawa a sake ƙi, har edita ya karɓa, sannan su yi watanni suna kai da komo a kan jimla guda. Abin da ya fito bayan wannan tankaɗe da rairaya ya riga ya sha gwaji. Tauraro kuwa sau da yawa ana ƙulla yarjejeniya da shi, a ba shi kafin alƙalami mai tsoka tun bai rubuta harafi ba, a kuma yanke ranar fitowa don ta dace da cinikin ƙarshen shekara ko wata gasar ƙwallo. In edita ya ga labarin bai nuna ba, da wuya ya ce a mayar da shi wuta, domin kuɗi sun fita, rana ta matso, mai sunan kuma ba wanda aka saba ce wa "wannan bai yi ba" ne. Hannun taurari bai fi na kowa rauni a rubutu ba. Rariyar da ke tare tsakuwa ce aka ɗauke musu.

Wannan ya shafe ki kai tsaye ta wata fuska. Kuɗin talla da gaban kanta suna tafiya ga mai suna, sauran marubuta su koma gefe. Binciken da ƙungiyar karɓar haƙƙin marubuta ta Birtaniya ta fitar a 2022 ya nuna marubucin da ke tsakiyar layi, cikin masu rayuwa da alƙalami, fam 7,000 yake samu a shekara. Mai shigo da kaya daga Faransa zuwa Duwala ko Yawunde yakan duba abin da ya fi tafiya a can ya yi oda, shi ne kuma ke isowa Garwa. Abin da kika gani a kanta ya riga ya bi ta zaɓen kasuwa sau biyu kafin ya zo hannunki, kuma ba a tambayi malami ko yaro ba a ko ɗaya.

Wa ya riƙe alƙalamin

Maganar abokiyar aikinki cewa ba su ke rubutawa ba, wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba. Akwai wanda ya zauna ya rubuta da kansa, akwai wanda ya ba da labari da baki ƙwararren marubuci ya gina shi kuma aka sa sunayensu biyu, akwai wanda sunansa kaɗai aka haya, marubucin bayan fage ya yi komai aka biya shi ya yi shiru. Ana iya gano yawancin wannan a cikin littafin kansa. Ki duba ƙananan haruffa a ƙasan bango da shafin take, inda za ki ga "avec" (tare da) ko "en collaboration avec" (da haɗin gwiwar) ko "illustré par" (wanda ya zana). Ki duba shafin haƙƙin mallaka, mai ƙananan rubutu a farko ko a ƙarshe: wa ke da haƙƙin rubutu, wa ke da na zane, kuma akwai "traduit de l'anglais par" (wanda ya fassara daga Ingilishi)? Sai shafin godiya. In kika ga an gode wa wani "wanda ba don shi ba da wannan littafin bai samu ba", kuma ba ɗan uwa ba ne, to galibi kin ga marubucin.

Ni ban ɗauki haɗin gwiwa a matsayin aibi ba, matuƙar an bayyana shi. Ɗan ƙwallon Ingila Marcus Rashford ya fitar da littafin ƙarfafa gwiwar yara a 2021 tare da ɗan jarida Carl Anka, sunan Anka yana bango, littafin kuma ya ci kyautar gwarzon littafin shekara a bikin kyaututtukan littattafai na Birtaniya a 2022. Littafin BD, wato labari cikin jerin zane-zane, na Kylian Mbappé na 2021 mai zane Faro ne ya zana shi, ba a ɓoye ba. A nan gida ma, BD ɗin ƙuruciyar Samuel Eto'o da ya fito a 2013, Joëlle Esso ce 'yar Kamaru ta zana. Sau da yawa littafin da tauraro ya yarda ƙwararre ya riƙe masa hannu ya fi wanda ya dage sai ya yi shi kaɗai. Wanda nake tsoro shi ne mai suna ɗaya tal da manyan haruffa, hoton fuskar mai sunan ya cinye bayan bango, mai zane kuma sai an sa ido kafin a ga sunansa. Gidan ɗab'in da ya raina mai zane a littafin da rabinsa zane ne ya nuna miki abin da yake sayarwa.

Wani abu da kan ruɗi masu saye: a littattafan yara na Faransa za ki ga layin "loi n° 49-956 du 16 juillet 1949 sur les publications destinées à la jeunesse". Wannan doka ce ta kare yara daga abin da bai dace ba, ana buga layin a kan mai kyau da maras kyau. Ba shaidar inganci ba ce.

Yadda ake gina littafin zane, da inda na taurari ke tsagewa

Mutane suna ganin rubutun yara abu ne mai sauƙi saboda gajere ne. Gajartar ita ce wahalar. Littafin zane na 'yan shekara huɗu zuwa bakwai yawanci shafi 32 ne, saboda injin ɗab'i yana buga shafi takwas ko goma sha shida a babbar takarda guda a naɗe. In aka cire shafin take da na haƙƙin mallaka da makamantansu, abin da ya rage wa labari buɗi goma sha biyu zuwa goma sha huɗu ne, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna. Kalmomin duka ba sa wuce ɗari biyar zuwa ɗari bakwai a mafi yawan masu kyau, wasu ma ba su kai ɗari uku ba. A cikin wannan ɗan fili dole a gabatar da yaro ko dabba mai wata buƙata, a sa masa cikas, ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa ya kasa, sannan ya fita da dabararsa.

Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya a tsakar gida ya san wannan ginin ko da bai san sunansa ba. Daga "ga ta nan, ga ta nanku" ba a ɓata lokaci: Gizo yana jin yunwa, ga gonar wani, ga dabara. Akwai waƙar da ake maimaitawa sau uku, yara su karɓa. Ba a tsayawa a tsakiya a ce "yara, kun ga illar kwaɗayi". Gizo ne zai sha duka, yaro ya gane da kansa, a ce ƙurunƙus. Littafin zane mai kyau tatsuniya ce da aka raba wa aiki biyu, rubutu ya ɗauki rabi, zane ya ɗauki rabi, juya shafi kuma ya zama wurin da mai tatsuniya ke yin shiru don yara su matso.

Ciwon da ya fi kama littattafan taurari shi ne wa'azi. Mai suna yakan zo da saƙo kafin ya zo da labari: ka yarda da kanka, kada ka karaya, kowa na musamman ne. Saƙon ba laifi, amma in shi ne ya fara zuwa, sai yaron cikin labarin ya zama allon da aka rataya wa nasiha, ba ya son komai, ba ya ɓarna, ba ya ba da dariya. Za ki gane wannan in kika buɗe shafi biyu na ƙarshe kika tarar da babba, kaka ko malami ko kocin ƙwallo, ya durƙusa yana yi wa yaro bayanin darasin. In babba ne ya warware matsalar, an ƙwace wa yaro mai karatu rabonsa.

Na biyu da ke bin sa a baya shi ne littafin da mai sunan ya rubuta wa kansa ko wa iyaye 'yan uwansa: tunanin uba yana kallon ɗansa yana girma, kewar ƙuruciya, godiya ga mahaifiya. Babba zai karanta idonsa ya ciko, ɗan shekara shida kuwa yana kallon ƙofa, domin shi bai yi nisa da ƙuruciya ba balle ya yi kewarta. Labarin "yadda na zama zakara" ma yana da tarkonsa: an san ƙarshensa tun daga bango, kuma in ba a sa wa yaron cikin labarin wani abu ƙarami da zai iya rasawa ba, takalmi ko aboki ko gurbi a ƙungiyar unguwa, sai ya zama jerin nasarori kamar takardar neman aiki.

Sai yawan surutu. Wanda bai saba da aikin ba yakan rubuta abin da zane ya riga ya nuna: "Ta sa jar riga, ta tsaya ƙarƙashin babbar bishiya, tana baƙin ciki", alhali ga jar rigar, ga bishiyar, ga fuskar. Ƙwararre zai bar wa mai zane wannan, ya rubuta abin da ido ba ya gani, wani lokaci ma ya sa rubutu ya ce "babu kowa a ɗakin" zane kuma ya nuna jelar kura a bayan labule. A nan ne yara ke ihu suna nuna shafi da yatsa.

Rubutu mai amsa-amo shi ma ya kayar da da yawa. Mawaƙa musamman suna son sa, amma waƙar da kiɗa ke ɗauke da ita daban take da baitin da uwa za ta karanta ba ganga ba garaya. In ma'aunin bai daidaita ba harshe zai yi ta tuntuɓe, in kuma an juya jimla don kawai ƙarshenta ya dace, ma'ana ta karkace. Abin ya fi muni a wurinmu, domin da yawa daga cikin waɗannan littattafan da Ingilishi aka rubuta su, abin da ke iso mu fassarar Faransanci ce, amsa-amon ya mutu a hanya ko an tilasta shi da kalmomin da ko malami sai ya buɗe ƙamus.

Akwai kuma kuskuren al'ada, wanda gaggawa ke haifarwa. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Penguin Random House ya janye littafin yara na shahararren mai dafa abinci Jamie Oliver daga kasuwa, bayan 'yan asalin Ostareliya sun koka kan yadda ya siffanta wata yarinyarsu da al'adunsu. Kamfanin ya amsa cewa ba a tuntuɓi mutanen ba kafin a buga. In littafin ya taɓo Afirka, ki duba da idon nan: wace ƙasa, wane gari, wane harshe? Ko kuwa bukka ce da raƙumin dawa da faɗuwar rana kawai?

Don kada a ce an yi musu kuɗin goro, ga wanda ya tsaya da ƙafarsa. 'Yar fim Lupita Nyong'o ta Kenya ta fitar da Sulwe a 2019, Vashti Harrison ta zana. Labarin yarinya ce da ta fi kowa duhun fata a gidansu. Saƙon a fili yake, amma an ba yarinyar abin yi: ta goga abin share rubutu a fatarta, ta koma cin abinci masu hasken launi, ta roƙi Allah ya sauya ta kafin safiya. Waɗannan abubuwa ne da yaro zai iya yi, shi ya sa yaro ke gaskata su, kuma marubuciyar ta san ciwon daga jikinta. A garuruwan da man sauya fata ya cika kasuwa, littafi irin wannan yana da aikin yi a aji. Abin da ya raba shi da tarin sauran shi ne mai sunan tana da abu guda takamaimai da ta sani, ta kuma yarda aka gina shi da ƙa'idar sana'ar.

Gwaji a shago, gwaji a aji

Ki ware wa kowane littafi minti goma a shago, kada ki ji nauyin mai shago. Ki karanta shafi uku na farko da murya, ko da ƙasa-ƙasa. Kunne yana kama abin da ido ke tsallakewa: inda numfashinki ya yanke kafin jimla ta ƙare, jimlar ta yi wa yaro tsawo. In kin kai buɗi na uku ba ki san wane ne mai labarin da abin da yake so ba, ki ajiye. Daga nan ki rufe rubutun da takarda ki bi zanen kaɗai daga farko zuwa ƙarshe; ya kamata ki iya ba da rabin labarin, kuma fuskar yaron ta kasance ita ce a kowane shafi. Sai ki buɗe ƙarshe ki ga wa ya warware matsalar. Tambaya ta ƙarshe ki yi wa kanki: da sunan maƙwabcina ne a bango, zan biya wannan kuɗin?

Batun harshe ya fi komai nauyi a ajinki, kuma bangon littafi ba zai taimake ki ba. "Dès 6 ans" da aka rubuta a baya, ɗan shekara shida na Faransa ake nufi, wanda ya tashi da Faransanci tun a goye. Ɗalibinki da Hausa ko Fulatanci ya tashi, ya fara haɗuwa da Faransanci a SIL, ajin farko na firamare. Ki ƙara shekara biyu a kan abin da aka rubuta, wani lokaci uku. Ki lura da irin su "il fut" da "ils allèrent", siffar aikatau ta rubutun adabi wadda ɗan CP bai taɓa ji a bakin kowa ba, da kuma wasan kalmomi da barkwancin da sai wanda ya san rayuwar can zai gane. Littattafan 'yan barkwanci sun fi kowa wannan matsalar.

Ki raba littattafan gida biyu tun a ranki: waɗanda ke za ki karanta wa yara, da waɗanda yaro zai karanta da kansa. Na farko suna iya fin ƙarfin yaro kaɗan, tunda kina nan kina nuna zane kina fassara da Hausa inda ya kamata. Na biyu dole su zama daidai bakinsa: haruffa manya, layi biyu zuwa huɗu a shafi ga 'yan CP, kalmomi masu dawowa. Gwajinsu shi ne na yatsu biyar: ki ba yaro matsakaici, ba gwanin aji ba, shafi mai kalmomi kamar ɗari, ya naɗe yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, littafin ba na karatun kansa ba ne tukuna. Mafi yawan littattafan taurari a gida na farko suke faɗawa, ga tsada, alhali ƙishin ajinki yana gida na biyu. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta a shekara goma. Maganin wannan shi ne littattafai masu sauƙi da yawa a hannun yaro kullum.

In mai shago zai yarda ki ɗauki kwafi ɗaya ki dawo da shi in bai yi ba, ki karanta wa yara takwas zuwa goma, maza da mata, ba tare da kin faɗi sunan marubucin ba. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don girmamawa. Ki duba ko suna matsowa, ko suna faɗin abin da zai faru kafin ki juya shafi, ko wani ya ce a sake. Washegari ki ce ɗaya ya ba da labarin da Hausa. Labarin da aka gina da kyau yana dawowa a jere. Na wa'azi kuwa abin da zai dawo shi ne "an ce mu yi ƙoƙari". Wannan gwajin ma yana da iyaka: yara goma ba su ne duk yara ba, kuma akwai littafi mai sanyi da ba ya tayar da aji amma yarinya guda za ta riƙe shi wata uku. Irin wannan sai idon malamar da ta san ɗalibanta.

Ki duba jikin littafin kuma. Wanda aka manne bayansa da gam kawai, zafin Maris da Afrilu na Garwa, da ke haura digiri 40, yana busar da gam ɗin, shafuka su fara zubewa. Ki buɗe tsakiya: in kin ga zare, ɗinki ne, shi ya fi daɗewa. Mai ƙusar waya biyu a tsakiya ba laifi ga littafi siriri, sai dai damina tana sa ta tsatsa, don haka a liƙa mata salatif mai faɗi ciki da waje tun ranar farko. Bango mai ƙyalli da zinariya ba ya ƙara kwana.

Yadda zan raba kuɗin

Tsadar da aka gaya miki ba zalunci ba ne gaba ɗaya. Littafin zane mai kaurin bango a Faransa yakan kai yuro 13 ko fiye, yuro ɗaya kuma sefa 656 ne, wato sama da 8,500 tun kafin kuɗin jirgi da na mota zuwa arewa. Amma lissafin a fili yake: in duka kika zuba a nan, littafi goma sha biyar za ki samu wa azuzuwa uku.

Da ni ne, ba zan wuce sefa 30,000 a kan na taurari ba, wato uku, waɗanda suka ci gwajin da ke sama. Suna da amfani guda da ba na musu a kai: yaron CE2 da ya riga ya yanke cewa karatu ba nasa ba ne, in ya ga ɗan ƙwallon da yake so a bango zai miƙa hannu, BD kuma yana da sauƙin shiga. Ki ajiye wani littafin mai kyau kusa da shi don ya samu inda zai taka na gaba. Ga 'yan CP kuwa sunan ba ya aiki, ba su san mai shi ba, bayan shekara biyar ma wataƙila ƙannensu ba za su taɓa jin sa ba, littafin kuma yana nan a akwati.

Kusan 70,000 zan kai wa littattafan da aka buga a Afirka don yaran Afirka, irin na gidajen ɗab'in Akoma Mba a Yawunde da Ruisseaux d'Afrique a Kwatano, waɗanda yawanci sun fi na Turai araha nesa, Faransancinsu da zanensu kuma sun fi kusa da abin da yaro ke gani a hanyar makaranta. Su ma a gwada su, domin zama na gida ba ya wanke littafi. Ɗakin karatu na Alliance, cibiyar harshen Faransanci da al'adu, a nan Garwa wuri ne da za ki iya zama ki duba littattafai da yawa ba tare da kin saya ba, mujallar Takam Tikou ta intanet kuma tana bitar littattafan yara na Afirka.

Sefa 25,000 su tafi ga buga labarai na kyauta. Shafin African Storybook yana da gajerun labarai da Hausa da Faransanci, an jera su bisa matakin karatu, kuma an yarda a sauke a buga. In ana buga shafi a sefa 25, labari mai shafi 16 zai tashi 400, da bangon kwali 500, kin samu kwafi hamsin. Ki buga ɗaya ki duba tukuna, domin wasu kwamfutoci suna mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna, kuma ki karanta Hausar da kanki, wata ta Nijeriya ce wata ta Nijar, akwai kalmomin da za ki so ki sauya. Labari ɗaya kwafi biyar ya fi labari biyar kwafi ɗaya-ɗaya, don yara su zauna rukuni su karanta tare.

Ragowar 25,000 na tsaro ne: ledar rufe bango, salatif, akwatin ƙarfe mai murfi da za a ɗora kan bulo saboda gara da ɓera, da babban littafin rajista. A rajistar ki ba kowane littafi shafinsa, a rubuta ranar da aka ɗauka da ajin wanda ya ɗauka, a sa alama in yaro ɗaya ya dawo ya sake ɗauka. Littafin tauraro zai cika shafinsa a sati biyu na farko, wannan ba ya nuna komai. Ki jira ƙarshen zango na biyu ki ƙirga waɗanda aka ɗauka bayan wata na farko da waɗanda aka maimaita, ki kai wa iyayen yara wannan lissafin ranar da za a yi maganar sayen na gaba.